Yadda ake bin sawun cututtukan da sauro ke ɗauke da su, daga randar gida har zuwa ɗakin gwaji

A daminar 2020 wani zazzaɓi mai kama gaɓoɓi ya mamaye garin Abeche a gabashin Chadi, irin wanda mutum ke kasa miƙe bayansa. Da aka gwada jini a Njamena, aka kuma tura wani Cibiyar Pasteur ta Yawunde, sai aka tabbatar cikungunya ce, kuma kafin ta lafa waɗanda aka lissafa sun haura 30,000. A watan Agustan 2023 hukumomin Chadi suka sanar da ɓarkewar zazzaɓin dengi, nan ma daga Abechen. Sauron da ke yaɗa waɗannan cututtuka biyu shi ne Aedes aegypti, ɗan baƙin nan mai ɗigon fari a ƙafafu da ke cizo da rana, kuma yana nan a Garwa da Marwa da Kuseri. Shi ne dai mai yaɗa shawara a cikin gari, cutar da ta yi ɓarna a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru a 1990.

A yawancin asibitocinmu duk zazzaɓi maleriya ne. Ko gwaji ya nuna babu, sai a ba da maganinta a sallami mutum. Ta haka ƙwayar bairas za ta yi makonni tana zagaya unguwa ba wanda ya ankara. Wannan jagora na ma'aikatan lafiya ne, da masu aikin ɗakin gwaji, da ɗalibai, da likitocin dabbobi da ke son fara sa ido a yankinsu. Kuma ku riƙe wannan tun yanzu: na'urar karanta gadon bairas, wato jerin haruffan halittarta, ba ta gyara samfurin da ya lalace a hanya. Sauron da zafi ya dafa, ko kwalbar da ba a san daga inda ta fito ba, an yi ba a yi ba ke nan.

Kafin a taɓa tarko

Ku fara da tambaya guda, don ita ce za ta nuna muku sauron da za ku nema da inda za ku same shi. Mai neman dengi ko cikungunya ko shawara, aikinsa cikin gari ne, a gidaje da garejoji da wajen masu faci. Mai neman zazzaɓin Rift Valley, cutar dabbobi da ke kama mutane, wurinsa ruga da mashayar dabbobi da kasuwannin shanu irin na Bogo da Adumri, da fadamun Logone bayan ambaliya. Mai neman ƙwayar West Nile sai ya nufi inda tsuntsaye da dawakai da sauron Culex ke haɗuwa, kamar gonakin shinkafa na Yagwa da Maga ko bakin tafkin Lagdo. Wanda ya ce zai kama duka a lokaci guda da mota ɗaya da mutum huɗu, ba zai kama ko ɗaya da kyau ba.

Daga nan sai izini. Shugaban gundumar lafiya ya san da aikin a rubuce. Idan za a ɗebi jinin mutane don bincike, dole kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kowane mutum kuma ya yarda da bakinsa bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Sannan a je gaisuwa wurin lamiɗo ko lawan ko jauro ko bulama, a nuna musu tarkon ido da ido. Duk ɗan tawaga ya tabbata ya yi rigakafin shawara. Allura ɗaya ce, tana kare mutum har ƙarshen rayuwa. Kuma lallai a sami mata a tawagar. Randuna suna cikin gida, gidajen da yawa kuma ba a shiga.

Ku zaɓi wurare kaɗan da za ku riƙa komawa kowane wata, ku ɗauki lambar GPS ta kowanne da waya. Wuri shida da aka bi shekara guda cur sun fi wuri sittin da aka leƙa sau ɗaya. Kada ku tsaya a damina kawai. A garuruwan da famfo ke ɗaukewa, mutane sun fi tara ruwa da rani, Aedes kuma ba ruwansa da ko ruwan sama ne ko na ɗan garuwa.

Shiga gidaje

Kayan aiki ba su da yawa: tocila, ludayi mai farin ciki, ɗan bututun roba mai tsotso, ƙananan robobi masu murfi, fensir da takardar cikewa. A yi sallama, a gaisa sosai, sannan a ce: "Inna, daga asibiti muke, lawan ya san da zuwanmu. Randunanku kawai za mu duba, ba za mu zuba komai a ciki ba." Wannan jimlar ta ƙarshe tana buɗe ƙofa, domin tsoron mutane shi ne a sa musu wani abu a ruwan sha.

A duba duk abin da ke riƙe ruwa: randa, tulu, duro, jarka, kaskon kaji, tsohuwar taya, gwangwanin da aka yar bayan ɗaki, tiren da ke bayan firji. A ɗaga murfi a hankali, a haska tocila. Tsutsar Aedes ba ta son haske. Da ta ji motsi sai ta nutse ƙasa tana lanƙwasa jiki, don haka a jira minti ɗaya ko biyu ta dawo sama kafin a ɗiba. Idan randar ta yi ƙasa, a haska bangonta daidai inda ruwa ya taɓa tsayawa. Ƙananan baƙaƙen ɗigo da ke manne a wurin ƙwai ne, kuma suna iya yin watanni a bushe, su ƙyanƙyashe ranar da aka sake cika randar. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana 7 zuwa 10 ne a irin zafinmu.

Lissafi uku ake fitarwa: kashi nawa cikin ɗari na gidaje ke da tsutsa, kashi nawa cikin ɗari na mazuban ruwa ke da ita, sai ma'aunin Breteau, wato yawan mazubai masu tsutsa a kowane gida 100. A tsohon ma'aunin da ake bi kan shawara, ƙasa da 5 hatsari kaɗan ne, sama da 50 kuwa hatsarin annoba babba ne. Amma abin da ya fi amfani a wurina shi ne a rubuta wane irin mazubi ne ya fi ba da tsutsa. Idan tayoyi ne, maganin daban. Idan randunan sha ne, maganin daban.

Kama manyan sauro

Tsutsa tana nuna inda ake haihuwa, amma ƙwayar cuta a jikin manyan mata aka fi samunta, domin su ke shan jini. Kowane iri da tarkonsa. Aedes aegypti bai damu da fitila ba, kuma ya fi cizo da sassafe da kuma bayan la'asar, don haka tarkon BG-Sentinel ake ajiye masa a ƙasa, cikin inuwa, inda iska ba ta kaɗawa, a bar shi awa 24. Culex na dare ne; tarkon fitila na CDC ake rataye masa kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, daga magariba zuwa asuba, kusa da garke ko inda mutane ke kwana. A shafa man giris a igiyar, in ba haka ba tururuwa za su riga ku.

Duka tarkunan sun fi kamu idan akwai iskar kabon, irin wadda muke fitarwa a numfashi. Busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon, ita ke ba da ita; inda babu, ana haɗa sukari giram 250 da yis giram 17.5 cikin ruwa lita biyu da rabi a jarka, a ja siririn tiyo daga murfin zuwa bakin tarkon. Sai kuma na'urar zuƙo sauro mai batir, irin Prokopack, wadda ake bi da ita ƙarƙashin gado, bayan labule, cikin tufafin da ke rataye da cikin tayoyi. Kwata ɗin awa a kowane gida ya isa, amma a riƙe lokaci iri ɗaya ko'ina don lissafi ya yi ma'ana. Tsohuwar hanyar nan ta zaunar da mutum ya buɗe ƙafa sauro ya sauka a kansa, kada a yi ta a inda ake zargin dengi ko cikungunya na yawo.

Daga tarko zuwa sanyi

A nan aikin yake tsayuwa ko ya faɗi. Gadon waɗannan ƙwayoyin bairas wani sinadari ne da ake kira RNA, abu mai saurin ruɓewa, kuma da sauro ya mutu yake fara lalacewa. A Marwa ko Njamena zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Jakar tarkon da aka jefa bayan mota ta yini a rana, babu sauran abin nema a cikinta.

A kwashe tarko da sassafe. A ɗaure bakin jaka kafin a kashe fanka, a sa ta cikin kula mai ƙanƙara da ɗan jiƙaƙƙen tsumma, sauron su isa da ransu. A can sai a sa su a firiza kamar minti 20 su mutu. Tantancewa a kan sanyi ake yi: farantin gwaji bisa ƙanƙara, ƙarƙashin madubin ƙara girma, da hantsaki mai tsini. A riƙa ɗebo kaɗan-kaɗan, sauran na cikin sanyi.

Ku dubi bayan ƙirjin kowane Aedes da kyau. Na aegypti yana da layuka biyu farare masu lanƙwasa a gefe, da wasu sirara biyu a tsakiya. Idan kuka ga farin layi ɗaya tal ya ratsa tsakiya, wannan Aedes albopictus ne, baƙon sauro daga Asiya da aka fara gani a kudancin Kamaru wajen shekarar 2000. An san shi da kudu, amma manyan motoci da lodin tsofaffin tayoyi na hawowa arewa ta Ngaundare kullum. Wanda ya gan shi a Garwa ko sama da nan, ya keɓe shi a kwalbarsa, ya ɗauki hoto, ya sanar nan take.

Ana haɗa sauro rukuni-rukuni, kowane rukuni iri ɗaya, jinsi ɗaya, tarko ɗaya, rana ɗaya. Kada su wuce 25 a kwalba. Wasu na kai 50 don rage kuɗi, amma yawan yana iya dusashe ƙwayar. Matan da cikinsu ya yi ja da jini a ware su ɗaya-ɗaya. Idan aka sami bairas a cikinsu, mai yiwuwa daga jinin da suka sha ne, ba lallai sun kai ga yaɗa ta ba. Amma kada a zubar da su, domin jinin yana iya nuna ko mutum suka ciza ko tunkiya ko tsuntsu. A tsoma hantsaki a maganin bilic sannan a ɗauraye tsakanin rukuni da rukuni, don ƙafar sauro guda da ta maƙale tana iya ɓata kwalbar gaba.

Kowace kwalba a rubuta mata lamba da alƙalamin da sanyi da danshi ba sa gogewa, lambar nan kuma ta shiga littafi a take: gari, unguwa, GPS, kwanan wata, irin tarko, irin sauro, adadi, sunan mai tantancewa. Da yamma a ɗauki hoton shafin. Kada a ce sai gobe.

Ajiya mafi kyau ita ce tulun ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ko firiza mai 80 ƙasa da sifili. Firizar gida ta 'yan kwanaki ce, kuma inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa ta fi cutarwa, domin narkewa da sake daskarewa na kakkarya RNA. Inda babu waɗannan, akwai ruwan adana samfur irin RNAlater: yana riƙe gado kamar mako guda a digiri 25, wata guda a firji, amma kwana ɗaya kacal a digiri 37. A tabbata sauron sun nutse a ciki, don suna son yin iyo a sama. Wajen turawa, marufi uku: kwalbar, sai roba mai murfi da auduga a ciki, sai akwati na waje da takardu. A kira ɗakin gwajin kafin mota ta tashi, kuma kada a tura kaya su isa ranar da ba kowa a ofis.

Jinin mutane da na dabbobi

Ko a tsakiyar annoba, sauro kaɗan ne cikin dubu ke ɗauke da ƙwayar, shi ya sa sa ido a kan sauro kaɗai bai isa ba. A asibiti ɗaya ko biyu a ware masu zazzaɓin da gwajin maleriya bai nuna komai ba, musamman masu ciwon gaɓoɓi, ƙuraje, ciwon bayan ido ko zubar jini. Ranar da zazzaɓi ya fara ita ce tambaya mafi muhimmanci a takardar. A kwana 5 zuwa 7 na farko ƙwayar na cikin jini, gwajin PCR, mai neman gadon ƙwayar kanta, na ganinta. Bayan nan sai dai a nemi sinadarin garkuwa na IgM, shi kuma yana rikita dengi da shawara da Zika da West Nile domin dangi ɗaya ne, har allurar shawara ta kwanan nan tana iya sa ya nuna. Duk mai zazzaɓin da idonsa ya yi ɗorawa cikin kwana 14, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ake zargi da shawara, a sanar da gunduma ranar. Irin wannan samfurin yana bi ta Cibiyar Pasteur ta Kamaru, wadda ke da reshe a Garwa, ana kuma tura wasu Cibiyar Pasteur ta Dakar don tabbatarwa. Kafin sakamako ya fito, wanda ake zargi da dengi farasitamol ake ba shi, ban da asfirin da ibuprofen, saboda zubar jini.

A ɓangaren dabbobi, makiyayi ne ke fara gani. Tumaki su yi ta ɓari a garke ɗaya, 'yan raguna su yi ta mutuwa bayan ruwa mai yawa: alamar Rift Valley ke nan, cutar da ta kashe mutane a yankin Tawa na Nijar a 2016. Kada kowa ya taɓa ɗan tayi ko mahaifa da hannu tsirara, kada a yanka marar lafiya. A kira likitan dabbobi. Samfur ya tafi ɗakin gwajin cututtukan dabbobi: LANAVET a Bokle kusa da Garwa, ko IRED a Farsha, Njamena.

A ɗakin gwaji

Ana niƙa kowane rukuni da ƙananan ƙwallayen ƙarfe cikin akwatin kariya, a tace, a ciro RNA, a yi RT-PCR, wato PCR ɗin da ake yi wa RNA. Tare da kowane zubi a sa kwalbar da ba komai cikinta sai ruwa. Idan ta nuna, duk zubin ya gurɓata, a sake. Na'urar na ba da lamba mai suna Ct: ƙaramar lamba na nufin ƙwaya mai yawa. Samfur mai Ct ƙasa da 30 ya fi ba da cikakken gado. Gwajin da ke kama dangin bairas gaba ɗaya yakan nuna sau da yawa, a ƙarshe a tarar bairas ce ta ƙwari zalla wadda ba ta kama mutum. Saboda haka kada a ɗaga hankalin gari kafin a tabbatar da sunanta.

Don kwatanta wata da wata, a raba yawan rukunin da suka nuna da jimlar sauron da aka gwada, a ninka da 1,000. A misali, rukuni 3 cikin sauro 1,500 ya ba da 2 a kowane dubu.

Gadon dengi haruffa ne wajen 11,000, na cikungunya ya kusa 12,000, na Rift Valley kuma kashi uku ne. Ana juya RNA zuwa DNA, a ninka shi gutsure-gutsure masu haruffa kamar 400 da ke hawa kan juna, a manna wa kowane samfur alamarsa, a ɗora a na'ura. Na'urar karanta gado ta MinION, ta kamfanin Oxford Nanopore, ta shige tafin hannu, da kwamfutar cinya take aiki. Na'urorin Illumina sun fi daidaito amma suna son tsayayyiyar wuta. Faifan MinION a firji yake zama, ba a firiza ba. Kwamfuta na jera gutsattsarin bisa gadon da aka sani. Inda ba a karanta wuri aƙalla sau 20 ba, a bar shi da alamar N. Kada a cike giɓi da zato.

Fassara ita ce mai wuya. Bairas na kwafar kanta ne kamar yadda ake kwafar littafi da hannu: wanda ya tsallake harafi, duk mai kwafa daga nasa zai gaji kuskuren, har a gane wa ya kwafa daga wa. Da irin waɗannan sauye-sauye ake gina bishiyar dangantaka, bayan an kwatanta da abin da ke rumbun GenBank, ma'ajiyar intanet ta gadon da aka riga aka karanta. Ga dengi, a fara sanin wane ne cikin nau'i huɗu, domin wanda ya taɓa yin nau'i ɗaya ya fi shiga hatsari idan wani ya kama shi. Shigowar sabon nau'i gari labari ne da asibiti ke buƙata da gaggawa. Ga cikungunya, a duba zuriya: ta Afirka ta Yamma, ta Gabas da Tsakiya da Kudancin Afirka, ko ta Asiya. A kuma duba sauyin E1-A226V, harafi guda da ya sauƙaƙa wa albopictus yaɗa ta a annobar tsibirin Reunion ta 2005 zuwa 2006. Idan samfuran gari duk sun taru a reshe ɗaya, shigowa ɗaya ce ta bazu. Idan sun warwatsu, ana ta shigo da ita ne ko ta daɗe tana nan a ɓoye.

Ina roƙon a yi hattara a nan. Idan bishiya ta nuna ƙwayarku ta fi kusa da ta wata ƙasa, ba hujja ba ce cewa daga can ta zo kai tsaye. Gadon da aka karanta daga yankin Tafkin Chadi kaɗan ne, don haka dangi na kusa na iya kasancewa a garin maƙwabta inda ba wanda ya gwada. Yankinmu cike yake da 'yan gudun hijira da fatake da makiyaya masu ƙetare iyaka. Magana ɗaya ta ganganci a rediyo na iya jawo wa bayin Allah tsangwama kan abin da ba a tabbatar ba.

Idan samfur zai fita ƙasa, a yi yarjejeniya a rubuce: wa ke da shi, yaushe sakamako zai dawo, sunan wa zai fito a rahoto. Waɗanda suka sha rana a unguwanni suna da haƙƙi a ciki. Gadon da aka karanta a saka shi a rumbun bai ɗaya da kwanan wata da sunan gari, ban da sunan marar lafiya ko abin da zai nuna gidansa.

Mayar da sakamako

Sakamakon PCR na shawara, dengi, cikungunya ko Rift Valley ba ya jiran bishiya. Gunduma ta ji a ranar. Sauran bayani a rubuta shi shafi ɗaya duk wata, a kai wa shugaban gundumar lafiya da likitan dabbobi, sannan a koma wurin lawan da matan da suka buɗe muku randunansu a faɗa musu abin da aka gani, ko da ba a sami komai ba. Aedes aegypti ba ya nisa, yawanci bai wuce mita 100 zuwa 200 daga inda aka haife shi, don haka aikin gaggawa a gidajen da ke kewaye da marar lafiya ake farawa. A juye randa duk mako a goge bangonta da soso, don zubar da ruwa kawai ba ya cire ƙwai. A ɗaure bakin duro da tsumma mai tsabta ko yankin gidan sauro. Tayoyi a huda su ko a sa su ƙarƙashin rumfa. Marar lafiya ya kwanta cikin gidan sauro har da rana a makon farko, kada sauron gida su ɗauka daga jikinsa. A duba katin yara a ga ko sun karɓi allurar shawara ta wata tara. Bayan mako biyu a koma gidajen nan da tocila da ludayi a sake ƙirga, a rubuta sabon lissafin kusa da na farko.